CARL SAGAN: MALAMIN DA YA SAUKO DA TAURARI CIKIN AKWATIN TALABIJIN

A daren Lahadi, 28 ga watan Satumba na shekarar 1980, mutanen Amurka da suka kunna akwatunansu na talabijin a tashar PBS suka ga wani mutum mai baƙin gashi yana tsaye a kan duwatsu a bakin teku, iska tana kaɗa rigarsa. Wannan mutum shi ne Carl Sagan, shehun malami na ilmin taurari a Jami'ar Cornell, kuma ya zo ne da niyyar ya yi wa jama'a bayanin sama da ƙasa har mako 13 a jere. Sunan shirin Cosmos, watau sararin samaniya da duk abin da ke cikinta.

A wancan zamani masu gidajen talabijin sun ɗauka cewa mai kallo ba ya son komai sai wasan kwaikwayo, da wasannin ƙwallo, da na barkwanci. Manyan malaman jami'a kuma suna ganin zubar da girma ne masani ya tsaya gaban kyamara yana yi wa 'yan kasuwa da direbobi bayani. Sagan ya saɓa wa ɓangarorin biyu. Ya sami ɗaukaka irin wadda malamin kimiyya bai cika samu ba, amma kuma ya biya kuɗinta da tsada a wajen abokan aikinsa.

ASALINSA DA YARINTARSA

An haifi Carl Sagan ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 1934 a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. Iyayensa Yahudawa ne masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinsa, Samuel, ya yiwo hijira ne tun yana yaro daga wani gari da ke cikin ƙasar Yukren ta yau, aikinsa kuwa yankan yadi a masana'antar ɗinki. Mahaifiyarsa, Rachel, matar gida ce mai kaifin basira, ita ce kuma ta ɗora shi a kan hanyar karatu.

A shekarar 1939, yana ɗan shekara huɗu, iyayensa suka kai shi babban bikin baje kolin duniya da aka yi a Niyok. A nan ne ya fara ganin abubuwan al'ajabi na zamani, cikinsu har da wani sabon akwati mai nuna hoto mai motsi wanda a lokacin ake gabatar da shi ga jama'ar Amurka. Yaron bai san cewa wannan akwati ne zai kai sunansa ƙasashen duniya ba.

Da ya ɗan tasa sai ya dami manya da tambayar mene ne taurari, babu kuwa wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi. Mahaifiyarsa ta yankar masa katin laburare. Ya je ya nemi littafi a kan taurari, sai mai kula da laburaren ta ɗauko masa littafin hotunan taurarin silima. Ya mayar, ya sake bayani, aka ba shi wanda yake nema. A ciki ya karanta cewa kowane tauraro rana ce irin tamu ta duniya, nisa ne kawai ya mai da ita ɗan ɗigon haske. Har ƙarshen ransa yana ba da wannan labari a matsayin mafarin komai.

Ya gama sakandare a garin Rahway na Jihar New Jersey a shekarar 1951, ya shiga Jami'ar Shikago. Can ya yi digirinsa na farko da na biyu, ya kuma sami digirin digirgir a shekarar 1960 a hannun Gerard Kuiper, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun malaman da suka damu da binciken duniyoyin da ke zagaya rana a wancan lokaci.

AIKINSA NA BINCIKE

Kafin kowa ya san fuskarsa a talabijin, Sagan ya riga ya yi aikin da ya isa a san shi. Tauraruwar nan mai haske da Bahaushe ke kira Zara matar wata, wadda Turawa ke ce wa Venus, mutane da yawa sun daɗe suna zaton ƙasa ce mai ɗumi da ruwa a ƙarƙashin gajimarenta. Sagan ya yi lissafi ya nuna cewa iskar kabon da ta lulluɓe ta tana barin hasken rana ya shiga amma tana hana zafi fita, saboda haka doronta kamar tanderu yake. Kumbon Mariner 2 da ya wuce kusa da ita a shekarar 1962 ya tabbatar da tsananin zafin. Yau an san zafin doron Zara ya kai wajen digiri 460, abin da ya isa ya narkar da dalma. Daga wannan bincike ne ya fara jan kunnen mutane game da hayaƙin da suke tura wa sararin duniyarsu, har ya je gaban Majalisar Dokokin Amurka a shekarar 1985 ya yi bayanin ɗumamar yanayi.

Haka nan game da duniyar Mars. Wasu masana suna ganin duhun da ke yaɗuwa a doronta lokaci-lokaci tsirrai ne ke tsirowa da damina. Shi da ɗalibinsa James Pollack suka ce ƙura ce iska ke kwashewa daga wuri zuwa wuri. Hotunan kumbon Mariner 9, wanda ya isa can a shekarar 1971, sun gaskata su.

Duk da haka Jami'ar Harvard, inda yake koyarwa, ta ƙi tabbatar da shi a kujerarsa a shekarar 1968. Cikin dalilan da aka bayar daga baya har da wasiƙar da tsohon malaminsa Harold Urey, wanda ya taɓa cin kyautar Nobel, ya rubuta yana sukarsa. Ana ganin saurayin ya cika tsalle daga fanni zuwa fanni, yana yawan maganar ko akwai halittu masu rai a wasu duniyoyi, ga shi kuma 'yan jarida suna bin sa. Sai ya tattara ya koma Cornell a garin Ithaca, inda ya zauna har mutuwarsa. Bayan wasu shekaru Urey ya rubuto masa ya amsa cewa ya yi kuskure a kansa.

KARONSA NA FARKO DA RA'AYIN JAMA'A

A shekarar 1972 Hukumar NASA ta harba kumbon Pioneer 10, wanda aka san zai bar unguwar rana ya yi gaba ba dawowa. Sagan da abokinsa Frank Drake suka shirya wani ɗan allon ƙarfe aka manna a jikinsa, mai nuna inda duniya take, ko da wata halitta mai hankali za ta tsince shi wata rana. Matarsa ta lokacin, Linda Salzman, ita ta zana hoton namiji da mace a kai, ba tufafi a jikinsu. Nan fa jama'a suka yi ca. Wasu suka rubuta wa jaridu cewa ana kashe kuɗin harajinsu wajen aika batsa sama. Wasu suka ce don me namiji ne kaɗai ya ɗaga hannu yana gaisuwa, macen tana tsaye kawai.

Saboda haka da aka zo harba kumbon Voyager guda biyu a shekarar 1977, hukumar ba ta yarda a sake sa irin wannan hoto ba. Sagan ne ya shugabanci kwamitin da ya shirya faifan garmaho mai ruwan zinariya da aka sa a jikin kowannensu. A ciki akwai hotuna fiye da 100, da kiɗe-kiɗe na wajen minti 90, har da kiɗan ganga daga Senegal, da gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci, akwai Luganda da Nyanja daga Afirka, amma Hausa ba ta samu shiga ba.

A shekarar 1973 ne ya fara fitowa a shirin hira na dare na Johnny Carson, wanda miliyoyin Amurkawa ke kallo kafin su kwanta. Ya fito a shirin fiye da sau 20. Carson ya riƙa kwaikwayon yadda Sagan ke cika baki in zai ambaci biliyoyin taurari, jama'a suna dariya, har wannan ya zama tambarinsa. Littafinsa mai suna The Dragons of Eden, wanda ya yi magana a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ya ci kyautar Pulitzer a shekarar 1978.

YADDA AKA YI COSMOS

Abin da ya haifar da shirin Cosmos ɓacin rai ne. A shekarar 1976 kumbon Viking guda biyu suka sauka lafiya a doron Mars, suka aiko da hotuna daga wata duniya dabam. Sagan yana cikin masu aikin. Da 'yan jarida suka ga ba a sami tabbacin wani abu mai rai ba, sai suka naɗe kayansu suka watse. Wannan ya sa ya ƙudura cewa in masu labarai ba za su kai wa jama'a ba, shi zai kai da kansa.

Ya rubuta shirin tare da Ann Druyan, wadda ya aura a shekarar 1981, da Steven Soter. Wanda ya jagoranci ɗaukar hoton shi ne Adrian Malone, Baturen Ingila da ya yi aiki a shirin The Ascent of Man na BBC. Dabarar da suka yi ita ce, suka ari kayan aikin wasan kwaikwayo suka ɗora wa ilmi. Aka gina wa Sagan wani kumbon ƙage a cikin ɗakin ɗaukar hoto yana yawo da masu kallo tsakanin taurari. Aka sa 'yan wasa suka yi shigar mutanen da, suka kwaikwayi rayuwar Johannes Kepler, Bajamushen da ya gano yadda duniyoyi ke zagaya rana. Aka kuma sake gina babban laburaren Iskandariyya na ƙasar Masar cikin hoto, Sagan yana zagawa a cikinsa.

Gani ya kori ji. A kashi na farko ya ba da labarin Eratostenis, wanda ya auna girman duniya fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Wannan malami ya ji cewa a garin da yau ake kira Aswan, ranar da yini ya fi tsawo, da tsakar rana sanda ba ta da inuwa, hasken rana yana kaiwa har gindin rijiya. A Iskandariyya kuwa, a wannan lokaci, sanda tana da inuwa mai karkatar wajen digiri 7, watau kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 800 ne. In an ninka 800 sau 50 sai a sami kilomita 40,000, wanda shi ne kewayen duniya. Sagan ya ɗauko taswirar Masar a kan kwali mai 'yan sanduna biyu, ya lanƙwasa ta a gaban kyamara, inuwar ɗaya ta fi ta ɗayar tsawo. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya gane.

Haka kuma ya matse dukan tarihin samaniya cikin kalandar shekara guda. In an ce farkon komai ya faɗo ran 1 ga Janairu, to rana da duniya ba su samu ba sai a watan Satumba, ɗan Adam bai bayyana ba sai daren 31 ga Disamba, duk tarihin da aka rubuta na sarakuna da yaƙe-yaƙe kuwa bai kai sakan 15 na ƙarshen shekarar ba.

ABIN DA MASU KALLO SUKA CE

Jama'a suka karɓi shirin hannu bibbiyu. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 500 suka kalle shi a ƙasashe 60. Ya riƙe kambun shirin da aka fi kallo a tashar PBS har shekara 10, sai a 1990 wani shiri a kan yaƙin basasar Amurka ya wuce shi. Littafin da ya biyo bayansa ya yi mako 70 a jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times. Mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a watan Oktoba na 1980.

Amma ba kowa ya yaba ba, kuma wasu masu sukar suna da hujja. Masu sharhin talabijin sun yi ba'a da yawan nuna fuskarsa yana kallon sama yana murmushi, suka ce shirin ya kusa zama na Sagan maimakon na taurari. Masu addini da yawa sun ji zafin yadda ya buɗe shirin da magana mai nuna kamar babu wani abu bayan wannan samaniya da ake gani, da yadda ya kafe a kan cewa halittu sun rikiɗo ne daga juna. Shi dai bai riƙi addini ba, ko da yake ya ƙi yarda a kira shi mai musun samuwar Allah, don a ganinsa ba shi da hujjar yanke wannan hukunci. Malaman tarihi su ma sun nuna cewa labarin da ya bayar na rushewar laburaren Iskandariyya ya sauƙaƙa shi fiye da kima, domin laburaren ya lalace ne sannu a hankali cikin ɗaruruwan shekaru.

Shi kansa Sagan mai kallo ne mai tsanani. A shirin Carson ya taɓa sukar fim ɗin Star Wars, yana mamakin yadda aka je wata samaniya mai nisa amma duk masu mulkinta farar fata ne, ga kuma kuskuren ɗaukar ma'aunin nisa a matsayin ma'aunin lokaci. Daga baya ya soki wasan kwaikwayon nan The X-Files, saboda kullum in an kawo bayani biyu, na hankali da na camfi, sai a sa na camfi ya yi nasara. Ya ba da labarin wani direba mai son sani da ya ɗauko shi daga filin jirgin sama, ya yi ta tambayarsa game da baƙi daga sama da biranen da suka nutse a teku, alhali bai taɓa jin ainihin abubuwan da kimiyya ta gano ba. Sagan bai ga laifin direban ba. Ya ɗora laifin a kan makarantu da gidajen talabijin da masana da suka yi shiru, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

DAREN DA AMURKA TA TSORATA

Ranar 20 ga Nuwamba, 1983, tashar ABC ta nuna wani wasan kwaikwayo mai suna The Day After, wanda ya kwatanta abin da zai sami mutanen Jihar Kansas in Amurka da Tarayyar Sobiyat suka jefi juna da makaman ƙare dangi. Wajen mutum miliyan 100 suka kalla. Shugaba Ronald Reagan, wanda aka nuna masa tun kafin ranar, ya rubuta a kundinsa cewa fim ɗin ya bar shi cikin damuwa.

Ana gama wasan sai aka shiga muhawara kai tsaye, da Henry Kissinger da Robert McNamara da wasu manya, Sagan yana cikinsu. Ya kwatanta ƙasashen biyu da maƙiya biyu a cikin ɗakin da fetur ya malale, ɗaya yana riƙe da ƙwayar ashana 9,000, ɗayan 7,000, suna ta gardamar wa ya fi wani. Ya kuma ce gaskiyar al'amarin ta fi abin da aka nuna muni. Shi da wasu masana huɗu sun lissafa cewa hayaƙin biranen da za su ƙone zai tare hasken rana, sanyi ya sauko, amfanin gona ya mutu, yunwa ta kai har ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin.

Nan ma ya sha suka, domin ya kai maganar ga jama'a a mujallar Parade tun kafin takardar binciken ta fito a mujallar masana. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sanyin ba lalle ya kai yadda suka fara faɗa ba, amma haɗarin yunwar yana nan. Bai tsaya ga magana ba, sau biyu 'yan sanda suna kama shi a wajen zanga-zanga a filin gwajin makamai na Nevada.

A shekarar 1991 kuma ya yi kuskure a bainar jama'a. Ya faɗa a talabijin cewa in aka cinna wa rijiyoyin man Kuwaiti wuta, hayaƙin yana iya ɓata noma a kudancin Asiya. An ƙona rijiyoyin, hayaƙin bai hau sama yadda ya zata ba, abin bai faru ba. Ya rubuta da hannunsa a littafinsa The Demon-Haunted World cewa bai yi daidai ba.

A shekarar 1992 aka gabatar da sunansa don shiga Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, wadda shigarta ita ce babbar girmamawa ga masani a ƙasar. Wasu suka tashi suka ƙalubalance shi, bai sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da ake bukata ba. Mutumin da ya rubuta takardu da maƙaloli fiye da 600 aka bar shi a waje. Bayan shekara biyu majalisar nan ɗin ta ba shi babbar lambarta ta hidima ga jama'a, amma har ya mutu ba ta ba shi kujera ba. Har yau masana suna kiran tsoron da malami ke ji na kada fita a talabijin ta rage masa daraja da sunan Sagan.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Shi ne ya matsa wa NASA lamba har aka juyo da kyamarar Voyager 1 ta ɗauki hoton duniya ranar 14 ga Fabrairu, 1990, daga nisan kilomita wajen biliyan 6. Duniya ta fito kamar ƙwayar ƙura mai shuɗi-shuɗi a cikin hasken rana. Masu aikin sun san hoton ba zai ƙara wa bincike komai ba. Don jama'a ya nema, su ga ƙanƙantar wurin da suke kashe juna a kansa.

A shekarar 1994 likitoci suka gano yana da wata cuta ta ɓargo. Sau uku ana yi masa dashen ɓargo daga jikin ƙanwarsa. Ranar 20 ga Disamba, 1996, ciwon huhu ya ƙarasa shi a wani asibiti a birnin Seattle, yana da shekara 62. Ya yi aure sau uku, ya bar 'ya'ya biyar. An binne shi a Ithaca. Bai ga fim ɗin Contact ba, wanda aka yi daga ƙagaggen labarinsa na 1985, ya fito a 1997. A wannan shekara kuma aka sa sunansa a wurin da kumbon Pathfinder ya sauka a Mars.

A watan Disamba na 1975 wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17 daga Niyok ya zo Ithaca bisa gayyatar Sagan, wanda ya ga takardarsa ta neman shiga jami'a. Malamin ya zagaya da shi ɗakin bincikensa, ya raka shi tashar mota ana zubar ƙanƙara, ya rubuta masa lambar wayar gidansa ko da motar za ta kasa tafiya ya zo ya kwana. Sunan yaron Neil deGrasse Tyson. A shekarar 2014, da Ann Druyan ta sake shirya Cosmos don sabbin masu kallo, shi ne ya tsaya gaban kyamara a madadin Sagan, ya kuma ba da wannan labari a kashi na farko. Voyager 1 kuwa ya shiga sararin da ke tsakanin taurari tun shekarar 2012, yana can yana tafiya da faifan gaisuwar a jikinsa.